Baitin Tasi'u Kafin-a-ce

Duk wanda ya taɓa zama da Tasi'u ya san dalilin da ya sa masu kiɗa a Zoo Road suke ce masa Kafin-a-ce. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka tashi a Gwammaja, don haka ina da lasisin faɗar abin da zan faɗa, kuma ko yana nan zaune sai in maimaita. Mutum ne da in ka buɗe baki za ka ce masa ina kwana, kafin ka kai ga kwanan ya ce, “Lafiya lau, gida lafiya, yara lafiya, madalla,” ya wuce ya bar ka da ragowar gaisuwarka a baki. A masallaci ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ja masa riga ta baya saboda ya riga liman ɗagowa. Bai taɓa shan shayi harshensa ya tsira ba. Gwaggo takan ce kada a ga laifinsa, bakwaini ne, tun a ciki ya ce shi ya gaji da jira.

Amma a ba shi haƙƙinsa, Tasi'u makaɗi ne. In ya ɗora yatsu a kan fiyano sai ya fitar maka da kalangu, ya fitar da garaya, ya fitar da sarewa har ka waiga ka duba ko makiyayi ne ya shigo. Matsalar ɗaya ce, hali zanen dutse. Yadda yake gaisuwa haka yake kiɗa. Mawaƙi bai gama jan numfashi ba shi ya shiga, kuma duk inda ya hango 'yar kafa a waƙa sai ya cusa mata ado, tirrin-tirrin, har mai waƙar ya rasa inda zai sa bakinsa. Haka ya zagaye manyan situdiyoyin layin nan kaf, kowa ya yaba hannunsa, kowa ya nuna masa ƙofa. Da ƙofofi suka ƙare sai ya tuna yana da taubashi.

Nawa situdiyon, ba sai na yi muku ƙarya ba, ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani tela. Na manne bangon da kiret ɗin ƙwai don riƙe sauti, kwamfutar kuma in na kunna ta sai in sauka in yi alwala in dawo kafin ta gama miƙa. Abin da ya fi komai tsufa a ɗakin shi ne wayar da ke haɗa fiyanon da kwamfutar. Ga wanda bai san aikinmu ba, irin wannan fiyanon ba shi da muryar kansa. Kai dai ka latsa, waya ta kai wa kwamfuta saƙo, kwamfuta ta fitar da sautin ta sifika. To tamu wayar baƙa ce mai ƙullutu a tsakiya kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo, an naɗe ta da salatif wuri-wuri. Tare da fiyanon na saye ta a hannun wani da ya bar sana'ar ya koma sayar da taya, kuma shi ma na tabbata gadonta ya yi.

Halinta biyu ne. Na farko, in ka latsa ba ta kai saƙo nan take, sai ta ɗan tsaya a hanya ta gaisa da mutane. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ba ɗan sana'a ba ma ba lallai ya lura ba, amma ga makaɗi tsakuwa ce a takalmi. Na biyu, in ka haɗa mata latse-latse da yawa a lokaci guda sai ta shaƙe, ta ƙara nawa, ta zaɓi waɗanda za ta kai, sauran ta haɗiye abinta. Tasi'u ya tsane ta tun ranar farko. Ya raɗa mata suna Hawainiya, kuma kullum ya zauna aiki sai ya zage ta tas kafin ya fara.

“Taubashi, wannan abar ita ta hana duniya ta san ni,” in ji shi wata rana, yana nuna ta da leɓe.

Na ce, “Kafin ka haɗu da ita fa, me ya hana?”

Ita kaɗai ce tambayar da ban ga ya yi saurin amsawa ba.

Da mawaƙan zamani abin bai dame mu ba. Su ai kiɗa ake fara haɗawa, in zauna in ja kowane sauti in ajiye shi a gurbinsa a cikin kwamfuta, sannan matashi ya zo da gashinsa a tsaye ya sa abin kunne ya bi. Muna nan a haka muna ɗan samun na tuwo, har ranar da Alhaji Lado Garin Baushe ya hawo benenmu.

Ku da ba ku same shi da ƙarfinsa ba, Baba Lado mawaƙin manoma ne da mahauta, wanda iyayenmu mata suka yi ta daka da surfe da muryarsa a rediyo. Makaɗinsa ɗaya tal a duniya, Nomau mai kalangu, kuma ranar da aka binne Nomau ya rantse babu kalangun da zai ƙara bin bayansa. Ya rufe baki ya koma gona. 'Ya'yansa suka yi ta fama da shi ya zo birni a ɗauki waƙoƙinsa kafin murya ta tafi, da ya kawo zancen rantsuwa suka ce ai fiyano ba kalangu ba ne. Ya shiga manyan wuraren nan masu na'urar sanyi da kujerun fata, ko'ina ya fito yana tsaki. Mu kuwa abin da ya kawo mana shi, ɗaya daga cikin 'yan amshinsa ne ya kawo gyaran wuyan riga wajen telan ƙasa, suka ji kiɗa a sama.

Ya shigo da sandarsa da 'yan amshi biyu, tsofaffi kamarsa, ya dubi kiret ɗin ƙwan da ke bango.

“Kai ne mai wurin?”

“Ni ne, Baba. Sannu da zuwa.”

“To ji sharaɗina tun ban zauna ba. Can inda na fito sun toshe mini kunne da wani abu, suka sako kiɗa suka ce in bi. Ni da jikokina, in bi bayan na'ura? Ni ba na bin kiɗa, kiɗa ke bi na. Zan yi waƙa, makaɗinka ya biyo ni. In ya iya, mun zauna. In bai iya ba, ga takalmana nan, ban yi nisa da su ba.”

Na dubi Tasi'u, na dubi takalman. A raina na ce, Baba, da ma ba ka wahalar da kanka ka cire su ba.

Na saita makirfo, na ba da alama, na shiga addu'a a zuci. Baba ya gyara zama, ya ja numfashi. Ina kallon yatsun Tasi'u da idona, wallahi tun tsohon bai buɗe baki ba suka sauka. Amma sai Hawainiya ta yi abin da ta saba, ta riƙe saƙon a hanya, sautin bai fito ba sai da muryar Baba ta riga ta shiga. Ya faɗo daidai bayanta, kamar ɗan da ke bin ubansa kasuwa, bai wuce shi ba kuma bai bari ya ɓace masa ba. Da Baba ya kai ƙarshen baiti ya bar fili, sai Tasi'u ya zubo adonsa da yatsu goma. Hawainiya ta shaƙe, ta haɗiye kusan duka, ta saki 'yan ƙwayoyi masu kyau, ta yi shiru ta bar wa 'yan amshi wuri.

Tsigar jikina ta tashi. Tun da nake wannan aiki ban taɓa jin abu mai daɗi haka ya fito daga sifikar nan tawa ba. Tasi'u kuwa gumi yake yi, yana cije baki, yana harbin wayar da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Da waƙa ta ƙare Baba ya sunkuyar da kai. Ya sa gefen rawani ya goge ido.

“Yaro, ɗan wane ne kai?”

“Ɗan Malam Hudu ne na Gwammaja, Baba, ya rasu, mahaifiyata na nan, sunana Tasi'u, ina kiɗa tun ina…”

“Allah ya jiƙansa. Ya bar tarbiyya.” Ya juya wajen 'yan amshinsa. “Kun ji abin da na ji? Tun da Nomau ya kwanta dama ban ƙara jin makaɗin da ya san girman na gaba ba sai yau. Yaran yanzu kowa so yake ya riga malam masallaci. Shi kiɗa ba a hannu yake ba, a kunya yake. Ka bar babba ya fara, ka biyo. Kuma ka san abin faɗa goma, ka faɗi biyu ka haɗiye takwas. Dubi yadda yaron nan yake gumi don ya danne kansa. Wannan shi ne ɗan halak.”

'Yan amshi suka ce, “Haka yake, Alhaji.”

Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara wani abu da bai lalace ba.

Haka muka shiga aiki. Baba yakan zo da hantsi, mu ɗauki waƙa ɗaya ko biyu, ya ci goro, ya ba mu labarin Nomau, ya tafi masauki. Kullum sai ya ƙara yabon ladabin Tasi'u, kullum Tasi'u sai ya ƙara tsanar Hawainiya. Da ya rage saura babbar waƙar da za a rufe faifan da ita, sai Baba ya ce zai je gida ya ga yadda aka kai amfanin gona rumbu, ya dawo. Har ya miƙe ya ɗauki sanda, sai ya tsaya.

“Tasi'u, matso. Ni a rayuwata na yi wa masu gari waƙa, na yi wa sarakunan noma, na yi wa sarakunan pawa. Amma makaɗi ɗaya na taɓa kama sunansa a waƙa, shi ne Nomau. Kai ne za ka zama na biyu, kuma ba na jin za a yi na uku. Baitin ma na riga na ɗinka shi.”

Ya rera mana a tsaye, ba kiɗa:

“Mai jiran babba ya sauke numfashi,
Mai haɗiye zance don girman na gaba,
Ko na mutu a gaishe min da wane…”

“Nan wurin wane, nan sunanka zai zauna,” in ji shi. “In na dawo.”

Ku da kuke ganin baiti ɗaya ba wani abu ba ne, ba ku san gidan su Tasi'u ba. Gwaggo ba ta taɓa yarda cewa ɗanta yana da sana'a ba. In aka tambaye ta me yake yi sai ta ce, “Yana can yana latse-latse,” ta kau da kai. Ƙannensa ɗaya makanike, ɗaya malamin makaranta, su ake kira in za a yi shawara a gida, shi sai dai ya ji an gama. Amma Gwaggon nan ta haddace waƙoƙin Lado tun tana amarya, ta san baitin Nomau kamar sunan 'ya'yanta. Idan sunan Tasi'u ya fito daga bakin Lado, to an gama, babu mai ƙara ce masa ɗan latse-latse har ya koma ga Allah. Ya san haka, ni ma na sani, kuma na taya shi murna har cikin raina.

Sai dai Kafin-a-ce ne. Baba bai kai tashar mota ba labari ya kai Gwammaja. Gwaggo ta fara cewa sai ta ji da kunnenta, amma kafin la'asar ta zaga maƙwabta gida-gida, ta kuma yi alkawarin wainar sadaka ranar da za a ɗauka. Shi kuwa gogan ya sauka wajen tela ya ba da ɗinkin sabuwar riga, ya ce a rubuta masa “Magajin Nomau” da zare a aljihun gaba. Ya fara tafiya a hankali a layi, hannu a baya, irin ta masu ladabi, sai dai ba ya kai ƙarshen layin sai ka ga ya manta ya ɓalle da sauri.

Ana haka sai wani tunani ya shige shi, kuma ya zo ya same ni da shi ina cin ɗanwake.

“Taubashi, ka yi lissafi mana. Baba ya ji kiɗana da Hawainiya a wuyana, ya yi hawaye. To ina ga ranar da ya ji hannuna tsantsa, ba mai riƙe ni? Ai sai ya ba ni waƙa sukutum, ba baiti ba.”

Na ce, “Tasi'u, miya ta yi daɗi, ka ci tuwonka. Me ya kai ka binciken wanda ya daka daddawa? Ka bar wayar nan yadda ka gan ta har a gama.”

“Kai dai baƙin ciki kake yi, don ba a ce za a sa naka sunan ba.”

Matsalar zama taubashin mutum ke nan. Ranar da ka gaya masa gaskiya sai ya ɗauka wasan da kuka saba ne.

Washegari ya tafi layin masu sayar da kayan kwamfuta. Ya dawo ba babbar wayarsa ta hannu, ya musanya ta da wata 'yar ƙarama mai tocila, amma yana rungume da kwali. A ciki akwai sabuwar wayar fiyano fara sol da wani ɗan akwati na ƙarfe mai fitilu, wanda sauti zai riƙa bi ta cikinsa. Ya ce mai shagon ya rantse masa wannan kafin ka latsa ma ta yi ƙara. Ya ce da ya ji haka ya san ya gamu da 'yar'uwarsa.

Muka haɗa. Gaskiya ɗaya ce, kayan sun yi. Ka taɓa, ta amsa, babu tsayawa gaisuwa a hanya, kuma ko yatsu ashirin gare ka duk sai ta kai saƙonsu ba ta zubar da ko ɗaya ba. Tasi'u ya yi ta kiɗa shi kaɗai yana dariya kamar wanda aka cire wa mari daga ƙafa. Ni ma na ji daɗi, don aikin mawaƙan zamani zai yi mini sauƙi. Na ce masa to madalla, amma ranar Baba a mayar da tsohuwar. Ya ce to. Da na san irin to ɗin da ya faɗa, da na tafi da ita masallaci a aljihuna.

Na dawo daga sallar azahar na tarar da shi zaune a kan tebur yana kaɗa ƙafa, almakashin tela a hannunsa. Hawainiya tana ƙasa gunduwa-gunduwa. Ƙullutun ma sai da ya fasa shi da dutsen guga don ya ga abin da ke ciki.

“Na sallame ta,” in ji shi. “Don kada zuciyarka ta raya maka wani abu.”

Tela ya hawo karɓar almakashinsa, ya ga guntu mai ɗan tsawo, ya ce a ba shi ya ɗaure labulen shago. Aka ba shi.

Ranar da Baba ya dawo, ɗakin nan bai taɓa cika haka ba. Baba ya sha babbar riga mai aska, 'yan amshi sun sha sababbin huluna. Gwaggo da kanta ta hawo benen tana haki, da kular waina niƙi-niƙi, ta zauna a benci a bakin ƙofa ta ja mayafi, ta ce ita ba za ta shiga cikin maza ba amma kunnenta na ciki. Ta gaida Baba har ƙasa. Baba ya ce, “Ke ce mahaifiyar yaron nan? Allah ya saka miki. Kin yi tarbiyya.” Gwaggo ta dubi Tasi'u da mamaki, ta dubi Baba, ta ce amin a hankali, irin amin ɗin wanda aka ba shi canjin da ya fi nasa.

Tasi'u ya zauna gaban fiyano da rigarsa ta Magajin Nomau. Na ba da alama.

Baba ya ja numfashi. Bai kai rabin ja ba kiɗa ya fashe a ɗakin kamar an kifar da kwanukan amarya. Tsoho ya zabura, numfashin ya sarƙe masa, ya kama tari. Aka ba shi ruwa.

“Wa ya biyo ka?” in ji shi.

“Ba kowa, Baba.”

“To a sake.”

Aka sake. Wannan karon Baba ya samu ya shiga, amma ya tarar Tasi'u ya riga shi nisa, sai ga mai waƙa yana bin makaɗi da gudu. Da aka zo ƙarshen baiti, duk adon nan da Hawainiya ta yi ta haɗiyewa tun farkon aiki ya fito rana ɗaya, tirrin-tirrin, tararan-tararan, ba ƙofa ba taga. 'Yan amshi suka buɗe baki za su karɓa, suka rasa ta inda za su shiga, suka rufe. Ɗaya ya dubi ɗaya. Baba ya ɗaga hannu.

“Ina yaron nan na kwanaki?”

“Ni ne, Baba.”

“A'a. Kama dai.”

Na ga idon Tasi'u ya fara raina fata. Na matsa na raɗa masa ya ja birki, ya ƙirga ɗaya a ransa kafin ya latsa. Ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Baitin farko ya jira har ya wuce misali, Baba ya yi nisa shi kaɗai kamar mai kiran salla. Baiti na biyu ya ga an bar shi a baya, ya taho a guje ya bangaje tsohon ya wuce. Gumin da yake yi yanzu na gaske ne, har ya jiƙa Magajin Nomau.

Na ce a ɗan ba ni lokaci. Na shiga kwamfuta na sa mata jinkiri da hannuna, don ana iya yin haka, na ƙiyasta irin na Hawainiya. Aka sake ɗauka. Farkon ya ɗan yi kama, har na fara sakin rai. Amma jinkirin kwamfuta awo ɗaya ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma ba ya haɗiye komai. Ita kuwa tsohuwar, daidai lokacin da kan Tasi'u ya fi zafi, lokacin take ƙara riƙe shi. Ana zuwa wurin ado sai ga kayan nan sun sake zubowa gaba ɗaya, sai dai yanzu a makare.

Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

“Wannan ladabin gaban suruki ne,” in ji shi. “Ana shan kwana ya ƙare. Ku gaya mini gaskiya, me ya sami yaron nan? Ko wani abu yake sha?”

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ce, “Wallahi ba ya shan komai, Alhaji. Haka yake.”

Ni na yi niyyar in ce zazzaɓi ne ya kwana da shi, a ɗaga aikin zuwa wani lokaci, in bazama gari neman wata tsohuwar wayar ko Allah zai sa a dace. Har na buɗe baki. Amma wa ya taɓa riga Tasi'u magana?

“Baba, bari in gaya maka, ai abin da ka ji kwanaki ba hannuna ba ne! Wata matsiyaciyar waya ce take riƙe ni. In na latsa sai ta ƙi kaiwa da wuri, in na yi ado sai ta haɗiye. Duk gumin nan da ka ga ina yi, da ita nake faɗa. Yau ne ka ji Tasi'u na gaskiya. Kunnenka ne bai saba ba, amma in aka ƙara sau biyu za ka ga…”

“Dakata.” Baba ya juyo gare ni. “Mai wuri, haka ne?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

“Ɗauko mini ita in gani.”

Ba yadda na iya. Na jawo kwalin da na zuba guntayen, na leƙa ta taga na ce wa tela ya kwance labulensa ya miƙo ragowar. Na haɗa duka na zuba wa Baba a tafin hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Ya shafa salatif ɗin da babban yatsa, ya juya fasasshen ƙullutun.

“Ita ce take jira in fara?”

“Ita ce, Baba,” in ji Tasi'u.

“Ita ce take haɗiye surutun?”

“Ita ce, kullum, ba ta taɓa bari na…”

“Kai kuma ka yanka ta.”

“Da almakashi.”

Baba ya girgiza kai a hankali. 'Yan amshi suka girgiza nasu, ɗan bayansa kaɗan, yadda suka saba. Gwaggo ta leƙo da kanta ta dubi guntayen, ta ce, “Ikon Allah. Ni da na haife shi ban taɓa iya riƙe shi ba.”

 Baba ya ciro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a cinya, ya jera guntayen a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya ƙulle bakin. Ya mayar da hularsa. Duk mai hankali ya san lokacin yin shiru ne. Tasi'u ya yi ƙoƙari, na ga maƙogwaronsa yana motsi, amma babu sauran mai riƙe shi a duniya.

“To Baba, baitin nawa fa?”

Baba ya gyara makirfo, ya yi wa 'yan amshi alama su shirya.

“Baiti na nan, yaro, na mai ladabi ne. Yaya sunan marigayiyar?”